Rijiyar Gidan Ƙiraga

Shekara da shekaru Uwa tana jan ruwa a rijiyar gidan da suke haya a Ƙofar Ruwa. Da shi take girki, da shi take cika randa, shi mijinta Malam Ɗalha mai ɗinkin hula yake sha. Ruwa garau, ba wari, ba ɗaci.

Sai hannun Ɗalha ya fara canjawa. Tafinsa ya yi kanta kamar na mai faskare, mutumin da bai taɓa riƙe abin da ya fi allura nauyi ba. Baƙaƙen ɗigo suka feso masa a ƙirji da baya.

"Malam, ko noma kake zuwa a ɓoye ban sani ba?" in ji Uwa, tana shafa masa man kaɗanya.

"Da gonar wa? Ke dai shafa."

Aka ce sammu ne, aka ce iska ce. Aka yi ta ba shi rubutu yana sha, kuma da ruwan rijiyar nan ake wanke allon.

Da allura ta fara suɓuce masa, suka je asibiti. Likita ya juya tafin hannun, ya ce, "Baba, wane ruwa kuke sha?" Ya ce yana zargin wata guba mai suna arsenik, a je a binciki gidan.

Nan tsofaffin unguwa suka tuna abin da ya sa ake ce wa gidan gidan ƙiraga. Kakan mai gidan fataucin fatu yake yi. A tsakar gidan akwai ramin da ake tsoma ƙiraga cikin wani farin magani don kada ƙwari su ci. Da sana'ar ta mutu aka cike ramin, aka haƙa rijiya dab da shi. Jikansa Alhaji Khalifa, mai karɓar haya, ya sani sarai.

Uwa ta same shi har zaure. Don ya rufe mata baki, ya kawo wani mai awon guba a tsakiyar rani. Mutumin ya ɗebi busasshiyar ƙasar sama a leda ya tafi, ko leƙa rijiyar bai yi ba. Ya aiko cewa gubar tana nan, amma irin wadda ta maƙale a ƙasa ce, ba ta motsi.

"Kin ji ko?" in ji Khalifa. "An auna. Ki daina ɓata min sunan gida."

Uwa ba ta yi boko ba. An ce an auna, ta yarda. Ta koma ta jefa guga.

Da damina ta sauka, likitan ya turo Malama Bushra, mai binciken ƙasa a jami'a. Ita ba ta tsaya a sama ba. Ta sa aka haƙa har taɓo, ta cusa shi a kwalabe ta toshe, ta ɗebi ruwan rijiya, ta jera duka a kula cike da ƙanƙara.

"'Yar nan, ai an auna," in ji Uwa.

"Mama, wace iri aka auna? Kuma a ina?"

Da ta dawo da sakamako, ta zauna a bakin tabarma, ta kasa kallon Ɗalha. Ta ce, "Gubar nan ba iri ɗaya ba ce. A busasshiyar ƙasa mai shan iska, kama ƙasa take yi ta zauna. Amma in ruwa ya kwanta a ƙarƙashi, iska ta daina shiga, sai ta rikiɗa ta koma wata iri, wadda ta fi dafi, kuma tana bin ruwa. Dole a ware kowace a auna ta daban. Ta biyun ce a rijiyarku."

Ɗalha bai ga wata daminar ba. Gyambon da ya fito masa a tafin ƙafa ya zama ciwon daji. Da ruwan 'yan garuwa aka yi masa wanka.

Uwa ta tashi daga gidan. Khalifa ya ɗora wa rijiyar fallen kwano, ya yi fenti, ya zuba sababbin 'yan haya masu yara ƙanana. Kafin wata ya zagayo an ɗage kwanon. Uwa ta je wajen mai unguwa, aka ce ta yi haƙuri. Ta tsaya a ƙofar gidan ta buɗe wa matar sabon ɗan hayar tafin hannunta, wanda shi ma ya fara kanta. Khalifa ya ce baƙin ciki ne ya taɓa ta.

Ba diyya take nema ba. A cike rijiyar nan da siminti, shi ke nan. Har yau in ta bi ta lungun tana jin guga yana faɗawa ruwa, tana jin yara suna rigimar wa zai fara sha.

Jama'a, kada kalmar "an auna" ta rufe muku baki. Ku tambaya me aka auna, a ina, a wane lokaci. Mai gidan da ya san abin da ke binne a ƙasarsa ya yi shiru, kisa yake yi, ko da bai ɗauki wuƙa ba.