Me Ya Fi Ni da Shi?

Da 'yan kasuwar Kano da ke zaune a unguwar Huanshi Lu ta birnin Guangzhou suka zaɓi ƙaramin alhaji ya je gida ya roƙi sabuwar majalisa ta tsaurara dokar bindiga, babban alhaji ko tafi bai yi ba. Shi ya kawo shi Guangzhou, shi ya koya masa ciniki, yau kuma ga shi ana rungumar wani a gabansa.

"Me ya fi ni da shi?" ya ce wa na kusa da shi. "Don 'yan fashi sun harbe ɗansa a hanyar Kaduna? Ai na je gaisuwa. Rashi ba ya ba mutum shugabanci."

Hassada ba ta san kunya ba. Washegari ya bi shi kasuwar Liuhua don ya ce masa ya janye.

Ya same shi a shagon da suka saba saya wa yara kayan Sallah. Tsohon mai shagon bai ji labari ba. Ya yi murmushi ya ɗaga wa ƙaramin alhaji yatsu uku, adadin 'ya'yansa, kamar kowace shekara. Ƙaramin alhaji ya daɗe yana kallon hannun, sannan ya miƙa nasa a hankali ya lanƙwasa masa yatsa ɗaya.

Tsohon ya juyo ga babban alhaji ya ɗaga yatsu huɗu. Babu wanda aka lanƙwasa.

"Yaya, da magana ne?" in ji ƙaramin.

"Babu," ya ce. "Allah ya kai ka lafiya."