Lamba Sha Tara Bai Wuce Ba

Babur na sha takwas ya wuce, na ashirin ya bi bayansa. Na sha tara, na saurayina Orry, shiru.

Zagayen tunawa da mamatan tsere ake yi, ni kuwa ina tsaye tare da Kawu Finlo, mai kula da hanya, a kwanar da Baba ya rasu yana cikin tsere.

"Kawu Finlo, tambaya a rediyonka na oba-oba mana!"

"Kwantar da hankalinki, Breesha," ya ce.

Aka dafa kafaɗata. Orry ne, a ƙafa.

"To, wa ke kan babur ɗinka?"

Sai ga babur ɗin tafe a hankali. Ya tsaya gaban allon tunawa mai ɗauke da sunan Baba, aka cire hular kwano. Mama ce!

"Daina kuka, 'yar nan. Nan ubanki ya tsaya. Saura mil tara, zan ƙarasa masa."