Babban Inji a Kangon Hajo

Sarƙa ta yi ƙara, injin ya ɗago daga amalanke yana lilo, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Isiyaku bakanike ya dube shi, ya dubi 'yar jar motar da ake so ya zauna a cikinta, ya girgiza kai. Tulu ake so a cusa a bakin buta.

Motar ta ɗan Baba Hajo ce, kujera biyu, ba rufi. A hannun wani Baturen gyaɗa ya saye ta kafin yaƙin basasa. Lungunan unguwar Madabo ba sa cin mota, sai aka fasa katangar kangon da ke bayan gidansu aka shigar da ita. Yaron ma bakanike ne, kullum ƙorafinsa ɗaya: jikin barewa, zuciyar kaza. Ya rantse sai ya sa mata babban inji. Bai kai ga yi ba ya shiga soja, aka ba shi tuƙi, aka yi kudu da su.

Ɗan fari ne, don haka uwarsa ba ta taɓa kama sunansa ba. "Wancan yaron" take cewa, fuska a ɗaure.

Duk unguwar an san Hajo mai man gyaɗa. Tun da mijinta ya rasu ba a yi ɗan kasuwar da ya ci ribar kirki a kanta ba. Isiyaku kansa sai da ya yi gumi kafin su shirya a kan ladan aiki, ga shi kuwa masu gyara sun yi wuya tun da na Sabon Gari suka watse a rikici.

Shi ya sa abin da ya gani a filin gwanjo ya ɗaure masa kai. Jirgin ƙasa ya kwaso matattun motocin soja daga bakin daga. Jibrin, maƙwabcin Hajo da ya dawo daga yaƙin da ƙafa ɗaya, yana gaba da sanda, ita tana biye tana shafa injinan da yatsa. Isiyaku ya nuna mata lafiyayye, ta wuce. Sai a kan injin wata jif da ta babbake ta tsaya. Mai gwanjo ya tsuga kuɗi don a taya. Ta kwance bakin zane ta biya, ko "rage" ba ta ce ba.

Da Isiyaku ya cire ƙaramin injin motar, ya ga an buga masa zanen ƙafar kaza da ƙusa a gefe. Ya yi murmushi. Tsokanar yaron ce.

Babban kuwa Hajo ba ta yarda ya wanke ba. Ya ce da kananzir ake yi, ta ce ta ji. Ta shafe wuni tana cuɗa shi da ruwa da sabulu, ta faro daga dama. Da ta gama ta lulluɓe shi da farin alawayyo, wai saboda ƙasa.

Aiki ya ci makonni. Ya yanka, ya yi walda, ya matsar da lagireto, ya ƙara ƙarfe a ƙasa. Da injin ya zauna, gaban motar ya durƙusa kamar raƙumin da aka yi wa lodi. Hankalin Isiyaku ya tashi, don a zatonsa yaron na hanyar dawowa. Yaron da ya tsallake harsashi, ya zo ya mutu a aikin hannunsa?

"Baba, nauyin nan ya fi ƙarfinta. A kwanar farko za ta kifar da shi."

"Kai dai ɗaura, ɗan nan. Surutunka ba ya cikin cinikinmu."

Ranar gwaji, bayan la'asar, ya murɗa makulli. Tari, sai shiru. Ya goge fulogi, ya ɗiga fetur a kafireto, ya yi bisimilla. Injin ya yi gurnani har kajin maƙwabta suka watse.

Hajo ba ta yi guɗa ba. Ta matso ta ɗora tafin hannunta a kan ƙarfen, ta bar shi yana rawa, har ɗumi ya ratsa shi. Ta daɗe a haka.

"Ya isa. Kashe."

Sai ga Salihu magini da jakunansa, an yi musu lodin tubali. Ya soma jera su a gurbin katangar da aka fasa.

"Baba, ta ina motar za ta fita?" in ji Isiyaku.

Ta kama yatsan Isiyaku ta kai shi gefen babban injin, can ƙasa inda ta fi cuɗawa. Ya ji ta kafin ya gan ta, irin ta ƙaramin injin. Ƙafar kaza.

Ta ja alawayyon ta rufe, ta soke gefensa a hankali.

"Da jif ɗin nan Gwadabe ya taka nakiya," in ji ta, karon farko da ta kama sunan ɗan nata. "Sun ce ba a samu abin binnewa ba. Ni na samu."