Tsohon Mai Baro a Filin Wasan Yara

Tunda gardamarku a kan ko yaron da ya shiga makaranta yana bukatar keken tura yara ce, bari in ba ka misalin wani mutum.

Mutumin nan da dako ya fara neman abinci a kasuwar hatsi. Shekara bakwai yana ɗaukar buhu a ka, har gashin tsakiyar kansa ya yi masa sallama, kafin ya samu ya sayi baro. Ya tura baron nan shekara goma sha ɗaya, sannan Allah ya buɗa masa, ya kama rumfa tasa ta kansa, ya fara sa shadda, ana ce masa Alhaji tun bai je ba. Daga ranar ya yi wa kansa alkawari, hannunsa ba zai sake kama mariƙin wani abu mai taya ba. Tsoronsa ɗaya ne a duniya, kada wani da ya san shi jiya ya gan shi yana turi, girman da ya tara da ƙyar ya zube.

Washegarin Sallah ya kwashi iyalinsa zuwa babban filin wasan yara na birni, wanda faɗinsa ya kai ƙauye guda da gonakinsa. Matarsa tana goye da jaririya, hannunta riƙe da kular abinci, ga tagwayensu maza, 'yan aji ɗaya a firamare, kowa cikin takalmin Sallah da aka saya da girma don ya kai baɗi, aka cusa takarda a gaba. A bakin ƙofa wata ma'aikaciya ta nuna musu keken tura yara mai kujera biyu, ta ce su ɗauka, wurin da nisa. Mutumin ya ƙare wa keken kallo, ga taya, ga mariƙi, ga wurin kaya. Ya ce a ransa wannan ai baro ne aka yi wa rumfa. A fili kuma ya ce yaran da ke zuwa makaranta da ƙafarsu kullum ba za a tura su kamar buhun albasa ba. Matar ta tuna masa cewa makarantar a bayan gidansu take, in ka yi atishawa a zaure hedimasta yana jinka. Ya ce shi a shekarunsu ya riga ya san hanyar gona. Ta gyara goyonta ta bi bayansa.

Da safe kam gaskiya tana wajensa. Yaran suka bazama kamar 'yan awakin da aka kwance, daga lilo zuwa jirgin ƙasa na wasa, daga nan zuwa dokin ƙarfe mai juyawa, shi kuwa yana waiwayen matarsa yana murmushin nasara. Kafin azahar takalman suka fara cin dunduniya. Ana sallar la'asar sun kai ƙarshen filin, can bakin tafkin kwale-kwale, inda ko ƙofar shiga ba a hangowa. Nan ɗaya ya zauna daɓas a ƙasa yana kuka, ya ce ƙafarsa ta ƙare. Ɗayan bai ma tsaya bayani ba, ya yi barci da askirim a hannu. Uban ya yi lallashi, ya yi tsawa, ya yi alkawarin balan-balan, duk a banza.

Da ya ga uwar bari, sai ya ɗora mai kukan a wuya, ya rungumi mai barcin a ƙirji, ya kama hanya. Yaro mai barci ya fi buhun gero wuyar ɗauka, don buhu ba ya zamewa kuma ba ya zubar da yawu. Shaddar ta jiƙe da gumi da askirim, hular ta faɗi matar ta tsince ta, sanƙon nan ya fito fili. Ta ko'ina manyan mutane ne da manyan riguna, suna tura 'ya'yansu da hannu ɗaya suna waya da ɗayan, ba mai kallonsu. Shi kowa ke kallo. Da cunkoso ya yi yawa, ƙafafunsa suka tuna tsohuwar sassarfa, bakinsa ma ya tuna, bai san lokacin da ya fara cewa, “Hanya! Hanya!” ba.

Muryar nan ce wata dattijuwa ta gane, mai tuwon da ya shekara goma yana kai wa hatsi gida. Ta saki keken jikanta, ta dube shi daga sama har ƙasa, tausayi ya cika mata ido.

“Allah sarki, mai barona,” in ji ta, da muryar da kowa ya ji. “Ashe baron ma ya kuɓuce maka, ka koma ɗauka a ka? Bayan Sallah ka zo gida, akwai wani tsohon baro a bayan ɗaki, in ba ka ka riƙa lallaɓawa.”

Ya buɗe baki zai yi bayani, yaron da ke wuyansa ya rufe bakin da tafin hannu don kada ya faɗo. Matarsa ta sunkuyar da kai, kafaɗunta suna rawa don dariya, kuma har yanzu ƙofa ba ta ko fara bayyana ba.

To ka ji. Ɗan makaranta yana da ƙafa, ba wanda ya musa, amma ƙafar tasa da la'asar take tashi daga aiki. Shi ya sa masu iya magana suka ce, an yi gudun gara, an faɗa gidan zago.