Turmin Dassin Ya Tafi Jami'a

"Ina turmina, Lawali?"

"Ya tafi jami'a," in ji mijin. "Ke ko ƙofar lakwal ta 'yan boko ba ki taɓa gani ba."

Lawali direba ne, ɗan Damagaram, yana tuƙa Nasaran da ke tonon duwatsu a Abzin. Ɗaya cikinsu, wanda suke ce wa Mushe, kiɗa ya zo nema. Ya ga matan Agadas sun ɗaure fata a bakin turmi suna buga tende, ya ce sai an ajiye irinsa a ɗakin karatun jami'arsu ta Paris. Lawali ya ɗauko na matarsa Dassin ya ba shi kyauta.

"Saura waƙa," ya ce. "Mushe ya ce abin da na'urarsa ta ɗauka, ɗalibai za su shekara ɗari suna sauraro. Ki sa sunana."

Kwana uku ke nan Dassin tana yawon aron turmi.

"Zan sa, maigida."

Ta rera da Tamajak, harshen da Lawali ba ya ji. Sau tara ya tsinci sunansa, yana ta gyara hula. Ranar Laraba jirgi ya tashi da faifan.

A kasuwa Ghissa tafinta ya tare Lawali.

"Kai namiji ne, Lawali. Matarka na cewa ka kai turmi karatu, ka bar mata taɓarya, kuma taɓaryar ta fi ka amfani a gida, kai kana murmushi! Na fassara wa Mushe tas, ya rubuta."

Lawali ya cire hular.

"Abin da ya shiga jami'a, ana iya fito da shi?"