Mahaƙin Rijiya da Dutsen Gaba Bakwai

Kai da ka zo ka tasa ni gaba da "ni ba ni da sa'a", gyara zama, ka bar wannan tagumin, haushi yake ba ni. An yi wani mahaƙin rijiya a wani ƙauye da babu ruwa sai an yi tafiyar rabin yini. Rijiyarsa ta fari ta rufta, ta karya masa ƙafa. Ta biyu ya sha wuya ya kai ga ruwa, sai ga zartsi, ko jaki ya sansana sai ya kau da kai. Nan fa gari ya ɗauka, wai farar ƙafa gare shi. Mai gari ya kira shi ya ce saura guda ɗaya, in ta ƙi, ya kwashe iyalinsa ya nemi wani garin. Ya kama ta uku. Yana kaiwa zurfin gaba bakwai, diga ta yi ƙara, ta dawo masa a hannu. Dutse ne shimfiɗe, baƙi ƙirin.

In kai ne, ai sai kuka. Shi kuwa ya fito, ya tara itace da busasshen kashin shanu, ya zura a ramin, ya cinna wuta. Da dutsen ya yi jawur, sai ya karɓi tulun da matarsa ta sha rana ta ɗauko, ya sheƙa masa. Ƙas! Ya tsage. Mutane suka ce to, ga hauka ta ƙaru a kan tsiya, muna neman na sha, shi yana shayar da rami! Shi dai aikinsa ya ci gaba da yi. Sai hayaƙi ya fice, ya zura fitila don gwada iskar ramin, in ba ta mutu ba ya sauka da ɗingishinsa, ya ɓamɓare abin da bai fi kaurin tafin hannu ba. Gobe ma haka. Tari ya kama shi, tafukansa suka sale, matar ma ta fara kallonsa da gefen ido. A kwana na ashirin da uku diga ta nutse cikin yashi mai danshi. Ya durƙusa, ya tara hannu, ya kurɓa. Garɗi!

To, ka ji. Tashi ka karkaɗe rigarka. Ba a banza Bahaushe ya ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa ba.