Ciyawa Mai Santsi

Ranar Lahadi da la'asar Lorraine ta iske saurayinta Dale a falo, yana wasan golf ta intanet da wani mutumin jihar Ohio. Ko rigar sanyinta ba ta cire ba.

"Ciyawar filin nan santsi gare ta," ya ce, idonsa na kan kwamfuta. "Da ka ɗan ƙara ƙarfi sai ƙwallo ta wuce ramin."

"Dale, na karɓi aikin nan na birnin Halifax. Ranar Alhamis zan tafi."

Ya buga a tsorace, ƙwallon ta tsaya nesa da ramin. Zoben neman auren da ya saya mata tun bazara yana cikin aljihun teburin kwamfutar, dab da gwiwarsa, amma ya kasa miƙa hannu.

"Ka ce wani abu mana," ta ce a hankali.

Ya ɗago ya daɗe yana kallonta. "An ce can ma akwai sanyi sosai."

Ta yi murmushin yaƙe, ta ajiye masa makullin gidansa kan teburin, ta fita. Yana zaune yana sauraron takunta a kan matakala, har ya daina ji.